Ra'ayi: Kafin ka sayi injin da ke saida lemu da kansa, fara koyon buɗe cikinsa

Watannin baya wani ƙanena da ke aiki a wajen birnin Lyon na Faransa ya turo mani wani bidiyo ta WhatsApp. Wani saurayi ne a Amurka, riƙe da ɗan makulli, ya buɗe wani dogon akwatin ƙarfe mai gilashi yana zazzage takardun dala da kuɗin ƙarfe cikin jaka, yana dariya. Ƙarƙashin bidiyon ƙanen nawa ya rubuta: "Yaya, ga sana'ar da nake ba ka labari. Kana barci kuɗi na shigowa. Biyu zan saya, ɗaya nan, ɗaya in aiko maka Yamai."

Na san ba shi kaɗai ne ya ga irin wannan bidiyo ba. Sun cika TikTok da YouTube, kuma suna yawo a wayoyin ƴan uwanmu da ke Bronx da Greensboro da Brussels da Dubai, daga can su faɗo cikin wayoyin ƴan fada a Maraɗi da Damagaram. Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, inji ne mai tsayin ƙofar ɗaki, an jera lemu da ruwa da biskit da cakulan a cikinsa. Ka jefa kuɗi ko ka kara katin banki, ka danna lamba, abin da ka zaɓa ya faɗo. Ba mai shago, ba ciniki. Ƴan Faransa suna ce masa distiribitar.

Ni ban ce sana'ar ƙarya ce ba. Akwai masu ci da ita, har da ƴan Afirka. Abin da nake cewa shi ne ribarta tana hannun mutum biyu, wanda ya samu wurin ajiye injin da wanda ya iya gyara shi. Wanda ya sayi inji bai da ko ɗaya daga cikin biyun nan, ya sayi firigo mai tsada ne kawai. Shi kuwa mai niyyar aiko da shi gida, akwai ƙarin magana da shi, zan zo kanta.

Mu fara da can inda sana'ar take da gindin zama. Bidiyon yana nuna ranar kwasar kuɗi. Ba ya nuna makonnin da mai injin ya yi yana bin garejoji da ɗakunan ajiyar kaya da wuraren wanki yana roƙon a ba shi kusurwa da soket, ana ce masa a'a. Wuraren da jama'a ke tururuwa, tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama da manyan asibitoci, manyan kamfanoni irin su Selecta a Turai sun daɗe da kama su da kwangila. A Faransa ma doka ta hana ajiye waɗannan injuna cikin makarantun firamare da sakandare tun watan Satumba na 2005. Abin da ya rage wa ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ƙananan ma'aikatu, inda mutum talatin ko hamsin ke aiki, kuma mai wurin sau da yawa zai nemi kasonsa daga cinikin.

Bari mu yi lissafi, na misali ne, kowa ya sa farashin garinsu. Ka sayi gwangwanin lemu santim 50 a wajen ƴan sari, ka saida shi euro ɗaya. Mai wuri ya ɗauki santim 15. Kamfanin na'urar karɓar kati ya ɗauki nasa, man mota ya ci nasa. A ce santim 30 ya rage maka a kowane gwangwani. In injin yana saida 15 a rana, kwana 22 na aiki a wata, gwangwani 330 ke nan, ribar euro 99. Da kuɗinmu kusan jikka 65, tunda euro ɗaya sefa 656 ne in an cike. In ka sayi injin na hannu a euro 1500, wato kusan miliyan ɗaya na sefa, sai ka yi wata 15 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Wannan kuma in babu abin da ya lalace, babu kayan da lokacinsu ya wuce aka zubar, babu wanda ya fasa gilashi.

To amma inji ne, dole ya lalace. Nan ne maganar take.

Ranar da ya tsaya, in ka kira mai gyara na kamfani, kuɗin zuwansa da na awar aikinsa suna iya lashe ribar watan gaba ɗaya, ban da kuɗin kayan gyara. Kuma kowace rana da injin ya yi a kashe, mutanen wurin suna koyon zuwa da lemunsu daga gida. In ya haɗiye kuɗin mutum sau biyu bai ba shi komai ba, wannan mutumin ya bar shi har abada, zai kuma gaya wa abokan aikinsa. Mai wurin da ya gaji da ƙorafi zai kira ka ya ce ka zo ka ɗauke kayanka. Kayan nan kuwa nauyinsu yana kai kilo 300, ba abin da za ka saɓa a kafaɗa ka shiga jirgin ƙasa da shi ba ne.

Abin da ya kamata matasanmu su sani shi ne mafi yawan ciwon injin nan ƙanana ne, kuma hannun da ya taɓa kwance babur ko ya gyara fanka zai iya da su. Ɓangaren da ke karɓar kuɗin ƙarfe yana auna faɗin kuɗin da kaurinsa da irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Datti kaɗan a hanyar da kuɗin ke gangarawa, ko ɗigon lemu da ya bushe ya yi danƙo, ya isa ya sa ya riƙa tofar da kuɗi mai kyau. Maganinsa a ciro shi, a buɗe, a goge da tsumma mai ɗan laima, kuma kada a kuskura a zuba masa mai. Mai karɓar takardun kuɗi yana da ƴan idanu masu karanta takarda da ƴan bel masu jan ta. Ƙura ta rufe idanun ko bel ɗin ya saki, sai ya ƙi karɓa. Kowane layin kaya yana da ɗan motarsa mai juya murɗaɗɗen ƙarfen da ke turo biskit. In ɗaya ya mutu, cire shi ake yi a sa wani, aikin ƴan mintoci. Sanyi kuwa, sau da yawa ba gas ne ya ƙare ba, ragar da ke fitar da zafi a ƙasan injin ce ƙura ta toshe, sai kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Buroshi da minti goma duk bayan ƴan watanni sun isa su hana wannan asarar, wadda ita ce mafi tsada a duk jikin injin. Injin kafe, wanda shi ya fi tafiya a ma'aikatun Faransa, nasa ciwon farar ƙasar da ruwa ke bari a tukunyarsa ne, da garin madara da ke daskarewa a bututu. Shi wannan yana son wanki kamar jariri, don abin da mutane za su sha ne, amana ce.

Wanda ya san waɗannan zai iya sayen injin da mai shi ya yanke ƙauna da shi a kan araha, ya tashe shi. Zai san abin da zai duba kafin ya biya: ya jona shi ya jira ya ga ko yana sanyi da gaske, ya gwada kowane layi, ya tambaya ko ƙwaƙwalwar injin tana aiki da tsarin nan da ake kira MDB, don shi ne ke ba da damar a liƙa masa na'urar karɓar kati irin ta Nayax. Inji marar karɓar kati a Turai ko Amurka yau ya rasa masu saye da yawa, don matasan can ba su cika yawo da kuɗin ƙarfe ba. Zai san ya canza makulli tun ranar farko. Zai san cewa in an kwantar da injin a mota, sai an tsayar da shi an bar shi ya huta awoyi kafin a jona, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. Kuma abin da ya fi duka, wanda ya iya gyaran nasa ya samu sana'a ta biyu, don duk waɗanda bidiyo ya ruɗa suka saya za su nemi mai gyara wata rana. Shi ba ya buƙatar miliyan. Jakar kayan aiki da mitar gwajin wuta da haƙuri sun ishe shi.

Ko sauyin kuɗi aiki yake kawo wa masu gyara. Lokacin da Ingila ta fito da sabon fam ɗaya mai kusurwa 12 a 2017, sai da aka bi injuna ana sake saita su. Japan, wadda ke da injuna kusan miliyan 4, ta fito da sababbin takardun kuɗi a watan Yuli na 2024, masu injuna suka biya don a sauya masu ɓangaren karɓar kuɗi. Mai inji ya fitar da kuɗi, mai gyara ya karɓa.

Sai maganar takardu, wadda ƴan uwanmu ba su son a yi. Saida abinci da abin sha sana'a ce mai rajista da haraji a waɗannan ƙasashe. Ɗalibin da ke Faransa da takardar zama ta karatu an yarje masa aikin albashi na awa 964 a shekara, amma wannan takardar ba ta ba shi damar buɗe kasuwancin kansa ba. A Amurka ma bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya gudanar da kasuwanci haka kawai ba. Kada ribar euro 99 ta ja maka asarar takardar zama. Haka kuma a yi hattara da masu cewa za su saida maka inji haɗe da "wuri mai ciniki". Wannan tsohuwar damfara ce, har hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta daɗe tana gargaɗi a kanta. Wanda ke da wuri mai kawo kuɗi da gaske, me zai sa ya saida maka shi da arha?

Yanzu mu dawo gida, kan injin da ƙanena ya so ya aiko mani.

Abu na farko, hanya. Tun bayan 26 ga Yuli na 2023 da iyakar Benin ta rufe, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari. Duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ya ƙara na kuɗi da na jira. Kafin akwatin kilo 300 mai gilashi ya iso Yamai, a biya jirgin ruwa, a biya mota, a biya duwan, farashinsa ya riga ya tashi daga inda aka saye shi.

Ya iso lafiya, sai wuta. In daga Amurka ya fito, an ƙera shi ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 220 ce. Taransifoma tana gyara wannan, amma ba ta gyara bugun wutar, wanda can 60 ne a daƙiƙa, nan 50, kuma kwamfuresa yana jin bambancin. Na Turai bai da wannan matsalar, amma duka biyun an ƙera su ne da tunanin wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa mun san watan Afrilu da Mayu, mun san lokacin da zafi ke haura digiri 40 wuta kuma tana wasan ɓuya. Mun ga abin da ya faru a Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Tashar hasken rana ta Gorou Banda ta rage zafi, amma duk mai firigo a gida ya san har yanzu ba a kwana da ido biyu rufe. Mai shago in wuta ta ɗauke yana ci gaba da ciniki, ya sa ƙanƙara a kula. Inji in wuta ta ɗauke ya zama kabad, cakulan na narkewa a cikinsa. In ta dawo da ƙarfi kuma tana iya tafiya da ƙwaƙwalwarsa, wadda ba za ka same ta a Katako ba. Ƙurar hunturu da ke shiga har cikin akwatin tufafi, ita ma tana jiran ragar sanyinsa da idanun karanta kuɗinsa.

Sai kuɗin kansu, kuma nan ne na fi yi wa ƙanena dariya. Injin ya san euro ko dala ta Amurka, bai san sefa ba, sai an samu mai sake koya masa. A ce an samu. Wace dala ashirin za a koya masa, tsohuwa ko sabuwa, ko wadda ta goge har ba a ganin rubutunta? Mu da kanmu muna faɗa da mai taksi a kan kuɗin da ya goge, wani ma in ka miƙa masa dala hamsin ta ƙarfe sai ya juya ta ya maido maka. Takardar dala ɗari da BCEAO ta fito da ita a 2012, in ta zaga hannun mai nama da mai gawayi da mai ƙosai, wane ido na inji ne zai gane ta? Sannan inji dole a cika masa cikinsa da canji kafin ya fara aiki, a ƙasar da rashin canji ke sa mai kanti ya cike maka da alawa. Biya ta waya, irin Airtel Money ko Moov Money ko manhajojin Nita da Amana, shi ne mafita ta gaskiya, amma injin da ya fito daga Lyon bai zo da shirin magana da su ba.

Ko da an warware duk waɗannan, akwai abokin gasar da injin ba zai iya da shi ba, wato mai tebur. Injin saida kaya ya yi ƙarfi a Japan da Turai saboda ɗaukar mutum aiki yana da tsada ƙwarai, ga wuta tsayayya. A nan mafi ƙarancin albashi a hukumance jikka 42 ne tun farkon 2024, kuma duk mun san da yawa ba su ma samun hakan. A bakin kowace tasha da kowane asibiti akwai mai tebur da mai shayi da yarinya mai kular ruwan leda da bisap. Mai tebur yana saida maka sukari na dala biyar, yana ba ka bashi zuwa ƙarshen wata, yana karɓar kuɗin da ya goge don ya san ka, yana ajiye maka saƙo, kuma shi ne mai gadin kayansa. In ribar kwalba dala goma ce, injin ya saida 30 a rana, jikka 45 ke nan a wata kafin a cire kuɗin wuta da na mai gadi. Kusan shekara biyu kafin a maido kuɗin sayen injin kaɗai, ban da na hanya da duwan. Da wannan kuɗin ana sayen firigo da faranti na hasken rana, a ɗauki yaro aiki, a saida ƙanƙara a watan azumi.

Wani zai ce ina kashe wa matasa gwiwa, kuma da haka ne kullum muke zama a baya. Na ji wannan, kuma akwai gaskiya a ciki. Akwai wurare a Yamai da inji zai iya rayuwa: filin jirgin sama na Diori Hamani, manyan otel, wasu bankuna da asibitoci masu zaman kansu, inda akwai sanyi da janareto da mai gadi, kuma ba a barin masu talla su shiga. Amma wuraren nan ƴan kaɗan ne, kuma da yarjejeniya a rubuce ake shigarsu. Wanda ya samu irin wannan wuri, yana da mai gyara a hannu, ya sayo kayan gyara tare da injin, ni zan fara yi masa fatan alheri. Wanda nake jin tsoro shi ne ɗan ci-ranin da ya tara kuɗi da wankin kwanoni cikin sanyi, ya aiko da inji ga ƙane ko ɗan baffa da bai taɓa ganin cikinsa ba. Wata uku injin ya tsaya, na waje ya ce an cinye masa kuɗi, na gida ya rantse bai ci ba, uwa ta shiga tsakani tana kuka. Mun ga haka da taksi, mun ga haka da injin niƙa da adaidaita. Ƙarfen yana ruɓewa a tsakar gida, zumuncin kuma ya daɗe bai warke ba.

In da gaske muna son irin wannan inji a ƙasar nan, to daga buƙatunmu ya kamata a fara. Famfon unguwa da ke ba da ruwa daidai kuɗin da aka tura ta waya, ko akwatin cajin waya mai makulli a tasha, ko firigo mai aiki da rana da ke buɗewa in an biya, duk ilimi ɗaya ne da na injin lemu: na'ura mai gane an biya, da mota ko bawul mai sakin kaya. Muna da ɗalibai a EMIG da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da makarantar fasaha ta Dan Kassawa da za su iya haɗa wannan da kayan da ake samu a kasuwa, muna da masu gyaran firigo a kowace unguwa. Abdou Maman Kané ya riga ya nuna ana iya kunna ban-ruwan lambu da wayar salula daga nesa, kuma a nan ya yi tunanin abinsa. Ɗan uwan da ke waje in yana son taimakawa, ya koyi aikin can da hannunsa, ya zo hutu da ilimin da ƴan kayan gyara a jaka, ya zauna da waɗannan yaran. Wannan ba ya biyan kuɗin kwantena.

Ƙanena dai bai ji maganata duka ba. Ya sayi ɗaya na hannu, ya samu wani ɗakin ajiyar kaya ya ajiye. A mako na uku ya kira ni da dare ransa a ɓace, injin yana tofar da duk kuɗin da aka jefa masa. Bai da kuɗin kiran mai gyara, don haka ya ciro ɓangaren ya kai ɗakinsa, ya kwana yana kallon bidiyon gyara, irin waɗanda ba su da masu kallo da yawa. Wani ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe ya maƙale a hanya. Yanzu ya ce wani ɗan Mali da wani Balarabe da suka sayi nasu suna kiransa in ya tsaya, suna biyansa.

Maganar na Yamai mun jingine ta. Ya ce in nemo masa farashin firigo mai aiki da hasken rana da lambar mai gyaran da ke kusa da gidanmu. Lambar na riga na tura masa. Farashin ne nake jira, don ɗan kasuwar ya ce kwantenarsa ba ta baro Lome ba tukuna.